Kuɗin canjin bel ɗin taimin da famfon ruwa a motocin gudu

Bel ɗin taimin igiya ce ta roba mai haƙora a cikinta, wadda take haɗa karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi) a injin mota, domin bawul su riƙa buɗewa da rufewa daidai da hawa da saukar fistin. Karanshaf yana juyawa sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya, kuma haƙoran bel ɗin ne suke tsare wannan lissafi. Famfon ruwa kuwa shi ne yake zagayawa da ruwan sanyaya inji tsakanin jikin injin da lagireto. An saba canja su tare, kuma a motocin gudu, wato ƙananan motoci masu ƙarfin inji da aka ƙera don sauri da jin daɗin tuƙi, wannan aiki yana cikin gyare-gyaren da suka fi cin kuɗi, ko da yake kayan da ake sauyawa ba su ne masu tsadar ba.

Asali da yadda yake aiki

Kafin zuwan bel, da sarƙa ko da giya ake juya kamshaf. Motar Glas 1004 ta Jamus, wadda ta fito a 1962, ita ake lissafawa a matsayin ta farko da aka ƙera da yawa da bel mai haƙora, sannan Fiat da Pontiac suka biyo baya a 1966. Bel ya fi sarƙa sauƙin nauyi da ƙarancin ƙara, ba ya kuma buƙatar baƙin mai, amma roba ce, tana tsufa ko ana hawa motar ko tana ajiye. Shi ya sa kamfanoni suke ba da wa'adi iri biyu, na kilomita da na shekaru, duk wanda ya riga cika shi ake bi.

Hatsarin yana ga irin injin da fistin da bawul suke shiga wuri guda a lokuta daban-daban, kuma mafi yawan injunan motocin gudu haka suke, saboda ana matse su don su ba da ƙarfi. Idan bel ya tsinke ko ya tsallake haƙora ana cikin tafiya, kamshaf zai tsaya alhali fistin na ci gaba da hawa, sai ya daki bawul ya lanƙwasa su, wani lokaci har kan injin ya lalace. Gyaran da ke biyo baya ya ninka kuɗin canjin bel sau da yawa.

Dalilin haɗa shi da famfon ruwa

A injuna da dama, bel ɗin taimin ne da kansa yake juya famfon ruwa, kamar a Porsche 944 da 928, da Audi TT ta farko mai injin 1.8T, da Subaru Impreza WRX mai injin EJ. A irin waɗannan, idan boris ɗin famfon ya ci ya ƙame, zai iya cinye haƙoran bel ko ya jefar da shi, idan kuma famfon ya fara yoyo, ruwan zai jiƙa robar ya rage mata kwana. A wasu kuma, kamar Mazda MX-5 ta 1989, wani bel ne daban yake juya famfon, sai dai famfon yana ɓoye a bayan na taimin, ba a isa gare shi sai an cire wancan. Ko ta wace hanya, wanda ya bar tsohon famfo don ya rage kuɗi yana iya sake biyan ladan kwance inji gaba ɗaya bayan ƴan watanni. Saboda haka kamfanoni irin su Gates, Continental, Dayco da Aisin suke sayar da kayan a kwali ɗaya: bel, da abin ɗaure shi, da ƙananan fule-fulen da yake bi ta kansu, da famfon.

Abin da ke sa tsada

A Turai da Amurka, ladan makanike da ake lissafawa da awa shi ne kaso mafi girma, kuma yawan awannin ya danganta da inda aka dasa injin. Mazda MX-5 tana da inji a gaba, a miƙe, da sarari isasshe, wa'adinta kusan kilomita 100,000, kuma injinta na farko ba ya cikin masu dukan bawul, don haka ita ce mafi rangwame a wannan aji. Nissan 300ZX ta 1989 mai turbo biyu ta cika gaban mota maƙil, hannu ma da ƙyar yake shiga. Subaru WRX tana da kamshaf huɗu a gefe biyu da dogon bel guda, kuma dole alamomin saiti da ke jikin fulen duka huɗun su zauna daidai. Porsche 944 tana da bel na biyu mai juya sandunan da ke rage girgizar inji, ana kuma auna ɗaurinsa da na'ura ta musamman, yayin da bel ɗin 928 ya kai kimanin mita biyu.

Ferrari ce ta fi shahara a wannan babi. A Testarossa ta 1984, da 348 ta 1989, da F355 ta 1994, injin yana bayan direba, fuskarsa mai ɗauke da bel tana manne da bangon da ke bayan kujeru, saboda haka hanyar da kamfanin ya tsara ita ce a sauke injin ɗungurungum daga ƙasan mota. Wa'adin kuma gajere ne, shekara uku zuwa biyar ko kusan kilomita 50,000, kuma kuɗin aikin dubban daloli ne, domin tunda inji ya riga ya sauka, sai a canja tiyo-tiyo da sil da duk abin da ba a isa gare shi a wani lokaci. Da 360 Modena ta fito a 1999, an yi mata ƙofa a bayan kujeru da ake kaiwa ga bel ba tare da sauke inji ba, F430 ta 2004 kuwa sarƙa aka sa mata. Ba kowace motar gudu ce ke da wannan nauyi ba: Honda S2000 da Nissan 350Z da Porsche 911 duk sarƙa suke amfani da ita, kuma 911 ta da, mai sanyaya inji da iska, ba ta da famfon ruwa sam.

Yadda lissafin yake a Damagaram

Motocin gudu ba su da yawa a titunan Zinder, inda Toyota da babura da adaidaita suka fi rinjaye, amma aikin kansa ba baƙo ba ne ga makanikan gari, domin injunan gazuwal na Hilux da Land Cruiser da yawa bel suke da shi, har da fitilar da ke kunnuwa a gaban direba idan wa'adi ya cika. Abin da ya bambanta shi ne a nan lissafin juyawa yake yi: ladan aiki da sauƙi idan aka kwatanta da Turai, kayan ne da kawo su suke cin kuɗi. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, wato kwalin da aka saya yuro 300 ya kusa jaka 197 tun kafin a biya sufuri da duwan, wato kwastan. Kayan motocin Japan ana iya samunsu ta Kano ko Yamai, na Porsche ko Ferrari kuwa sai an yi oda daga waje, kuma rufe iyakar Benin a 2023 ya karkatar da kaya da yawa zuwa hanyar Lome mai nisa. Akwai kuma jabun kaya masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, waɗanda arharsu ba ta kai darajar injin da ake jinginawa a kansu ba.

Yanayi ma yana da nasa tasiri. Zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 yana busar da roba, ƙurar hunturu tana shiga ta murfin da ya fashe ta ci fule, sannan al'adar cika lagireto da ruwan famfo ko na rijiya zalla tana kawo tsatsa da gishiri masu kashe famfon ruwa da wuri. Mafi yawan irin waɗannan motoci na hannu ne, sun zo ba takardar tarihin gyara, lambar kilomitar da ke gabansu kuma ba koyaushe ake dogara da ita ba, don haka mai saye ya kamata ya sa kuɗin bel da famfo a cikin farashin motar tun ranar ciniki. Wajen zaɓen gareji, abin dubawa shi ne ko makaniken yana da ƙarafan kulle kamshaf na wannan injin da sifanar auna ƙarfin ɗauri, da kuma ko yana juya injin da hannu zagaye biyu ya sake duba alamomi kafin ya tayar da shi.