Daga Rubda Ciki Zuwa Tatata: Amsoshin Tambayoyin Iyaye

Me ya sa ake cewa a riƙa kwantar da jariri rubda ciki?

Saboda ƙarfin jiki daga sama yake gangarowa: wuya tukuna, sai kafaɗu, sai baya, sannan ƙafafu. Ki kwantar da shi a kan shimfiɗa, ki sunkuyo daidai fuskarsa kina masa magana. Za ki ga ya dogara da hannuwansa, kai na rawa, ya ɗago ya dube ki, ya sake kifawa. Wannan ɗagowar ce harsashin zama da rarrafe. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 30 a rana, a rarrabe, ga jaririn da bai fara rarrafe ba. Sai dai yana farke, kina kusa. Barci kuwa a rigingine za a kwantar da shi.

Ɗana ya shekara ɗaya bai taka ba, sa'anninsa suna gudu. Akwai matsala?

Galibi babu. Binciken da hukumar ta fitar a 2006, kan yara daga Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ya nuna yara masu ƙoshin lafiya suna fara tafiya tsakanin wata 8 zuwa kusan 18. Wasu ma ba sa rarrafe sam, jan gindi suke yi. Amma idan ya wuce wata 18 bai taka ba, ko ya daina abin da ya iya a da, ki kai shi asibiti kada ki jinkirta.

Keken koyon tafiya fa?

Ni dai ban yarda da shi ba. Ba ya sa a fara tafiya da wuri, kuma yana kai yaro bakin matakala ko wurin wuta cikin ƙiftawar ido. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004.

Yaya yaro ke gane nisa, zurfi da girman abu?

Da hannunsa. Ki ba shi kwano da murafe manya waɗanda ba za su shige masa baki ba. Zai zuba, ya juye, ya sake zubawa, ya yi ta ƙoƙarin cusa babban kofi cikin ƙarami har ya gane ba zai shiga ba. Kada ki yi saurin gyara masa. Ki dai riƙa ambata masa: "ciki", "waje", "sama", "ƙarƙashi". Wajen wata 8 zuwa 9, ki rufe abin wasansa da ƙyalle yana kallo, za ki ga ya yaye ƙyallen yana nemansa.