API ba manhaja ba ce, REST kuma ba hutu ba ne

Tun da Twitter ya sa wa API ɗinsa kuɗi a 2023, Reddit ya bi sahu, kalmar ta fita daga bakin masu rubuta manhaja ta faɗa bakin kowa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jin mai sharhi a rediyo yana cewa wai kamfani kaza "ya ƙaddamar da API, jama'a su sauke". Su sauke me? API ba ta da fuskar da mutum zai latsa. Taga ce da wata manhaja ke buɗe wa wata, da sharuɗɗa: ga yadda za ki tambaya, ga abin da za a ba ki.

Sai kuma wutsiyar da ake liƙa mata, wato REST. Wanda ya ji Turanci sama-sama yakan ɗauka hutu ake nufi. Taƙaitaccen suna ne (Representational State Transfer) na wani salon gina manhajojin yanar gizo da Roy Fielding ya bayyana a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a 2000, shi da yana cikin waɗanda suka tsara HTTP, wato ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen musayar saƙo a yanar gizo.

Sharaɗinsa da ya fi burge ni shi ne mantuwa. Kwamfutar da ke bayan tagar ba ta riƙe kowa a ka. Ka zo da GET, umarnin neman bayani, ka karɓi bayanin oda, ka dawo bayan daƙiƙa ɗaya da DELETE, umarnin gogewa, sai ta dube ka kamar ba ta taɓa ganinka ba, dole ka sake nuna shaida, ka sake faɗin odar da kake nufi. Kamar wulaƙanci, ko? Amma da wannan ne babban kamfani ke jera kwamfutoci ɗari a bayan taga guda, kowacce ta amsa wa kowa, in ɗaya ta mutu ba a ma sani ba.

Yau duk abin da ya tura JSON, wani tsarin rubuta bayanai, ta HTTP sai a buga masa hatimin "RESTful" don ya shiga kasuwa. Fielding da kansa ya koka a 2008 cewa yawancinsu ba su cika sharaɗin ba, domin amsar REST ta gaskiya tana zuwa ne da mahaɗan da ke nuna mataki na gaba. Na sha ganin API da ke mayar da 200, lambar nasara, alhali a cikin saƙon an rubuta cewa aiki ya lalace.