Ma'anar "Koktel": Abin da Ke Cikin Kofin Kafin Ka Kai Baki

Bana duk inda ka juya sai ka ci karo da kalmar koktel. Masu abincin biki suna tallata ta a Instagram, ana jera ta a takardar farashi tsakanin zoɓo da kunun aya, kuma na sha jin mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa za a raba wa mahalarta taro "koktel mai sanyi", alhali abarba da kankana yake nufi, an markaɗa an zuba ƙanƙara. Wasu kuma sun ji ana cewa moktel, sai suka ɗauka ita ce babbar yayar, wadda ta fi tsada ko ta fi ado. Wannan ruɗanin yana damuna ƙwarai, domin abin da ya raba kalmomin biyu shi ne barasa.

A wurin masu harshen, idan aka ce koktel a fagen abin sha, ana nufin haɗin da aka gina a kan barasa. Tun asali haka yake. A shekarar 1806 wani mai karatu ya tambayi wata jarida ta garin Hudson a jihar New York ta Amurka me ake nufi da kalmar, jaridar ta ce masa haɗi ne na barasa kowace iri, da sukari, da ruwa, da ɗan abin ɗaci. Gaskiya ne daga baya Turawa sun faɗaɗa ta, har gaurayen 'ya'yan itatuwa na gwangwani suna kiran sa da sunan, kuma ina ganin daga nan masu sana'armu suka tsinto ta. Amma a takardar abin sha ta otal, a Legas ne ko Landan, shafin da aka rubuta koktel shafin giya ne, ba wani kwana-kwana.

Mu ɗauki wanda ake kira gimlet, domin shi ne ya fi saurin yaudarar ido. Kofi ne ɗan ƙarami, ruwan ciki kore-kore mai haske, da yankan lemun tsami a baki. Wanda bai sani ba zai rantse lemun tsami da sukari ne irin na buɗe-baki. Ga yadda Bature ke haɗa shi a gidansa: mililita 60 na barasar da suke kira jin, wajen mililita 20 na ruwan lemun tsami da aka matse a lokacin, da kusan haka na sukarin da aka narkar a ruwa. Sai ya zuba su a wani ƙoƙon ƙarfe mai murfi tare da ƙanƙara, ya girgiza har ƙarfen ya yi raɓa, ya tace a kofin da ya riga ya sanyaya. Ita wannan barasa fara ce tas kamar ruwa, ƙamshinta na 'ya'yan wata bishiya ne da ake kira junifa, kuma yawanci kashi 40 cikin 100 na abin da ke kwalbar zallar sinadarin maye ne. Ka yi lissafi: mililita 60 ta ƙunshi mililita 24 na sinadarin. Gwangwanin giya mai mililita 330 da ƙarfin kashi 5 bai kai mililita 17 ba. Wato wannan ɗan kofin da tsami da zaƙi suka ɓoye wa ɗaci ya fi gwangwanin giya guda.

Tarihin gimlet kuwa daga teku ya fito. Ma'aikatan jiragen ruwan Ingila da ke shafe watanni ba su ci ɗanyen ganye ko 'ya'yan itace ba, wata cuta takan kama su: dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su yi ta girgiza, tsohon rauni ya sake buɗewa, mutum ya mutu a hankali. Rashin bitamin C ne, amma a lokacin ba a san bitamin ba. A 1747 wani likitan sojan ruwa, James Lind, ya raba marasa lafiya 12 bibbiyu, ya ba kowane rukuni magani daban, waɗanda aka ba lemun zaƙi da babban lemun tsami mai ruwan ɗorawa su ne suka farfaɗo. Sai a 1795 sojan ruwan Ingila suka fara raba ruwan lemun a kai a kai, a 1867 kuma doka ta wajabta shi a jiragen 'yan kasuwa.

Matsalar ita ce ruwan lemun tsami ba ya jure doguwar tafiya, don haka barasar rake ake zuba masa don kada ya lalace. A wannan shekara ta 1867 wani ɗan Sikotlan mai suna Lauchlin Rose ya yi rajistar dabarar adana shi da sukari, babu barasa ko ɗigo, daga baya ya kafa masana'anta a garin Leith na Sikotlan. Kamfaninsa ya yi gonakin lemun tsami a tsibirin Dominika, daga baya har a Ghana, wajajen Cape Coast. Har yau ana sayar da kwalbar da sunan Rose's. Hafsoshin jirgi, waɗanda barasar jin ce abin shansu, su ne ake dangantawa da fara tsiyaya ta a cikin wannan ruwan lemun, kuma littafin haɗe-haɗen otal ɗin Savoy na Landan da ya fito a 1930 ya rubuta gimlet a matsayin rabi jin, rabi Rose's. Abin lura a nan, ruwan lemun mai sukari abin sha ne cikakke da kansa, an ƙirƙire shi ne don a raba lemun tsami da barasa. Zuba masa jin ne ya mayar da shi koktel.

To moktel fa? Gaɓar farko ta kalmar tana nufin kwaikwayo, abin da aka yi don ya yi kama da na gaske. Moktel shi ne haɗin da aka yi wa kofi da ado da launin koktel, aka cire barasar. Wanda ya rubuta moktel a takardarsa ya fi wanda ya rubuta koktel gaskiya, wannan babu musu. Amma ni kalmar ba ta kwanta mini ba. Zoɓon da aka dafa da citta da kanumfari, ko ruwan tsamiya, ko lemun tsami da na'a-na'a, ba kwaikwayon komai ba ne. Me zai sa mai sana'a ta sha wahalar jiƙa aya, ta markaɗa da dabino da kwakwa, ta tace, sannan ta sa masa sunan da ke cewa jabun giya ne?

Ba maganar suna kaɗai ba ce. Yarinyar da ta saba jin koktel a bikin ƙawayenta a Kano, ran da karatu ko aiki ya kai ta wani gari, ta zauna a gidan abinci, ta ga hoton kofi kore da yankan lemun tsami, da zuciya ɗaya za ta nuna shi. Mai kawo abincin ba zai tambaye ta ba, domin a wurinsa ta san abin da ta nema.

Ko a cikin waɗanda ake ce wa marasa barasa akwai inda ya kamata a tsaya. Chapman, wanda ake alfahari da shi a matsayin haɗin Najeriya, ana yin sa da Fanta da Sprite da jan ruwan sukari da yankan kokwamba, amma abin da ke ba shi ɗan ɗacin nan shi ne 'yan ɗigo daga ƙaramar kwalbar Angostura, mai takardar da ta fi ta tsayi. A jikin kwalbar an rubuta cewa kashi 44.7 cikin 100 na abin da ke ciki sinadarin maye ne, ya ɗara ƙarfin jin ɗin da ake zuba wa gimlet. Wasu wuraren ma har Campari suke ƙarawa, ita kuwa giya ce kai tsaye. Hukuncin ɗigo uku a cikin babban kofi na malamai ne, su za a tambaya. Nawa dai shi ne mai sha yana da haƙƙin a gaya masa kafin ya sha, kuma masu haɗa Chapman a bukukuwanmu da yawa ba su taɓa juya kwalbar sun karanta ba. Idan an miƙo maka, ka tambayi mai haɗin ko ya ɗiga Angostura, idan ya ce e, ka ce ya haɗa maka wani babu ita.