Me ake nufi da "progressive metal"? Mu duba faifan Images and Words

Tun da Mike Portnoy ya koma kan gangunan Dream Theater, ƙungiyar makaɗa ta Amurka, a watan Oktoban 2023, bayan shekara 13 da barin ƙungiyar, kalmar "progressive metal" ta sake cika bakin masu bin kiɗan Turawa a YouTube da TikTok, har da samarinmu masu koyon jita. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake fassara ta da "kiɗan ci gaba", wai kiɗan da ya fi saura wayewa. Ba laifin kunnenmu ba ne kacokan, domin a siyasa muka fara sanin kalmar "progressive". Tana cikin sunan NEPU tun 1950, tana cikin sunan APC tun 2013, kuma a can duk wanda ya laƙaba wa kansa ita yabon kansa yake yi. Wannan yabon ne aka kwaso aka ɗora wa kiɗa.

A wajen makaɗa, kalmar sunan salo ce kawai. Ta samo asali a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da ƙungiyoyi irin su King Crimson da Yes suka gaji da waƙar minti uku mai baiti da amshi, baiti da amshi. A shekarun 1980 wasu Amurkawa, Queensrÿche da Fates Warning da Dream Theater, suka haɗa wannan tsari da kaushin jitar metal, wato kiɗan rok mai nauyi da ƙara. Abin da ake nema shi ne waƙa ta yi tafiya. Ta tashi daga wani wuri ta sauka a wani, ta sauya kari a tsakiyar hanya, bugun da ake ƙirgawa huɗu-huɗu ya koma biyar ko bakwai, sannan wata 'yar karin murya da ka ji da farko ta dawo maka cikin sabuwar kama.

Daga kuskuren fassarar nan ne kuskure na biyu ya fito, wanda ya fi ɓata mini rai. Tunda an ɗauka kalmar tana nufin fifiko, sai aka mai da tsawo da wahalar kaɗawa su zama ma'auni. Waƙar da ta fi tsawo ita ce bakandamiya, gajeriya kuwa cikon benci. Ka duba yadda ake jera waƙoƙin Images and Words, faifan Dream Theater na 1992, na farko da James LaBrie ɗan Kanada ya rera musu. Waƙoƙi takwas ne a ciki. Sau tari za ka tarar an ɗora "Metropolis Part I" a sama, an jefa "Wait for Sleep" can ƙasa, hujjar kuwa ita ce minti biyu da rabi ce kacal, ba ganga, ba jita, daga fiyano sai murya.

Wanda ya yi wannan jeri bai saurari faifan har ƙarshe da natsuwa ba. Kevin Moore, mai fiyanon ƙungiyar a lokacin, shi ya rubuta "Wait for Sleep", kuma ko ka gwada tafa hannu a kan fiyanonta za ka ji ƙirgen yana zame maka, domin ba ya zama kan huɗu. Mafi muhimmanci, ita ce ke gaban "Learning to Live", waƙar ƙarshe mai minti goma sha ɗaya da rabi. Bayan wannan doguwar ta yi nisa, ta ratsa wurin da jita ke yin laushi, ta hau ta sauka, sai kwatsam ka ji karin fiyanon nan na gajeriyar ya ɓullo, wannan karon da ganguna da jitar bas suna take masa baya. Kamar zaren da maɗinki ya soka ta ciki ne, ba ka sake ganinsa sai ya fito a wuyan riga. In ka cire gajeriyar, wannan wurin ya rasa rabin daɗinsa, domin kunnenka ba shi da abin da zai tuna. Aikin da kalmar take nufi ke nan, kuma waƙar da ake rainawa ce ta ɗauki nauyinsa.

"Metropolis" fa? Ba na musun girmanta. Sun saka mata "Part I" ne da wasa, masoya suka matsa sai an yi kashi na biyu, har aka samu cikakken faifai a 1999. Amma a tsakiyarta akwai kusan minti huɗu da ba murya, kowa na baje kolin gwaninta, John Myung na kaɗa bas da yatsun hannu biyu, John Petrucci mai jita da Moore na tsere tare. Mutanen da suka haɗu a makarantar kiɗa ta Berklee a Boston a 1985, wato Petrucci da Myung da Portnoy, ba abin mamaki ba ne su iya wannan. Sai dai akwai gaɓoɓin da nake jin an jera su ne kusa da juna ba tare da ɗaya ta haifi ɗaya ba. Yaran da ke kwaikwayon salon a yau wannan ɓangaren suka fi ɗauka, shi ya sa ake samun waƙoƙin minti goma sha biyar da ba ka iya tuna komai daga cikinsu.

In aka tambaye ni mafi rauni a faifan, "Another Day" zan nuna, kuma da nauyin baki nake faɗa, domin Petrucci ya rubuta ta ne kan ciwon dajin da mahaifinsa ke fama da shi. Kalmominta na taɓa zuciya, busar sakzafon ta Jay Beckenstein ma tana da daɗi. Amma gininta na waƙar rediyo ne irin na wancan zamani, ka san inda za ta tun daga baitin farko. An yi mata bidiyo, ba ta kai ko kusa da inda "Pull Me Under" ta kai ba, wadda duk da ta haura minti takwas kuma ta yanke kwatsam a ƙarshe ba sallama, ita ce ta shiga sahun goma na farko a jadawalin kiɗan rok na mujallar Billboard ta Amurka, ta ja faifan ya sayar da kwafi sama da dubu ɗari biyar a Amurka. A sama kuwa ina ajiye "Learning to Live", da sharaɗin a bar "Wait for Sleep" manne a gabanta yadda aka tsara su.