An kama yaro jiya, yau ga shi a unguwa: me doka ta ce?

A Tawa, duk wanda aka taɓa yi wa satar salula a kasuwa ya san wannan takaicin. An kama yaro da wayar a aljihu, an kai shi komsariya, kwana biyu sai ka gan shi yana ɗiban ruwa a famfon unguwa. Nan da nan zance ya bazu: an ba da cin hanci. Ba zan rantse a kan kowa ba, amma sau da yawa doka ce ta maido shi gida.

Dokar ita ce mai lamba 2014-72 ta ranar 20 ga Nuwamba 2014, wadda ta tsara kotunan yara a Nijar, ta maye gurbin ta 1999. A idonta, duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, ko da gemu ya fara tsiro masa. Yaran kuma kashi biyu ne.

Wanda bai kai 13 ba, ba a hukunta shi kwata-kwata. Ba gidan kaso, ba tara. Alƙali zai iya miƙa shi ga iyayensa, ko ga wani amintacce, ko wata cibiyar tarbiyya. Daga 13 zuwa ƙasa da 18 ne ake tambayar da ta fi kowace nauyi: lokacin da ya aikata, yana da hankalin rarrabe abin da yake yi? In alƙali ya ga babu, sai matakan kariya da gyaran hali. In akwai, ana hukunta shi, amma da sassauci. A ƙananan laifuffuka irin sata, ba ya wuce rabin abin da za a yanke wa babba, kuma ba a yanke wa yaro hukuncin kisa.

Shekarun da ake ƙirgawa na ranar da aka aikata laifin ne, ba na ranar shari'a ba. A nan ne takardar haihuwa take zama komai. Na ga uwa tsaye a ƙofar kotu tana cewa "an haife shi shekarar da fari suka cinye hatsi", magatakarda na kallonta. Yaro mai tsawo da ba shi da takarda yana iya tsintar kansa cikin manya. Wanda bai yi wa ɗansa ita ba, ya nemi hukuncin kotu mai maye gurbinta tun lafiya lau, kada ya bari sai ranar wuya.

Shari'ar tana hannun alƙalin yara, kuma ba a buɗe zauren ga 'yan kallo. Ana sanar da iyaye, yaro yana da haƙƙin mai kare shi, kuma ANAJJ, hukumar ƙasa mai ba da taimakon shari'a da wata dokar 2011 ta kafa, tana ba yara wannan taimako kyauta. Ma'aikatan jin daɗin jama'a kan bi sawun yaron har gida: wa ke ciyar da shi, yana lakwal ko ya bari, a ina yake kwana. A wannan bincike mai unguwa da malamin allo suna da amfani ƙwarai. Dattijon da ya ce "ku ba ni shi, zan kai shi garejin ƙanena, ni zan sa ido", maganarsa tana da nauyi, don alƙali na neman hannun da zai danƙa yaron. In har an tsare shi, ƙa'ida ita ce a raba shi da manya. A nan, gaskiya, aiki bai kamo rubutu ba a gidajen kaso da yawa.

Tun 2017 kuma akwai dokar aikin amfanin jama'a, inda mai laifi kan yi aiki ba biya a madadin zaman kaso, da yardarsa.

To, mai salula fa? Sakin yaro bai kashe haƙƙinsa ba. Yana iya shiga shari'ar ya nemi diyya, kuma iyayen da yaron ke zaune a hannunsu su ne dokar farar hula ta ɗora wa biyan ɓarnar. Sai dai ya riƙe rasit ɗin wayar, ya kuma je kotu ranar da aka kira shi.