Kilt: Yadda Ake Sa Shi da Yadda Ake Adana Shi

Kilt tufafin maza ne na mutanen tsaunukan arewacin Scotland, wanda ake ɗaurawa a ƙugu ya sauka zuwa gwiwa. Da yadin ulu mai zanen gida-gida ake ɗinka shi, wanda ake kira tartan. Gabansa falle biyu ne sumul, ɗaya a kan ɗaya, bayansa kuwa ninki ne a jere, an danne su da guga. A yau an fi ganinsa wajen ɗaurin aure, da wasannin gargajiya, da faretin soja, da kuma jikin magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Scotland.

Asali

Tun ƙarshen ƙarni na 16 mazan tsaunuka suke yafa wani babban bargo, su tattara shi a ƙugu da ɗamara, ragowar su jefa a kafaɗa, da dare kuma su lulluɓa da shi. Gajeren kilt irin na yanzu ya bayyana ne a ƙarni na 18. Bayan yaƙin Culloden a 1746, inda aka murƙushe wani tawaye da mazan tsaunuka da yawa suka shiga, gwamnatin Birtaniya ta haramta wannan sutura ga mazan yankin, in ban da sojojinta. Wanda aka kama karon farko ɗaurin wata shida ne, karo na biyu kuwa a kore shi zuwa ƙetare shekara bakwai. An soke dokar a 1782. Da Sarkin Birtaniya George na Huɗu ya ziyarci Edinburgh, babban birnin Scotland, a 1822 ya fito sanye da kilt, sai tufar da aka hana jiya ta koma abin alfaharin ƙasa baki ɗaya.

Zaɓe da awo

Cikakken kilt yakan ci yadi takwas, kuma yawancin yadin a ninkin baya yake ƙarewa. Shi ya sa yake da nauyi, kuma shi ya sa yake kaɗawa idan mutum yana tafiya. Yadin da kowane yadi ɗaya nasa ke da nauyin oza 13 shi ne matsakaici, mai oza 16 kuma mai nauyi, wanda ya fi riƙe karin guga. Akwai masu araha na roba-roba, sun isa a je kallon ƙwallo da su, amma ba sa zama a jiki kamar na ulu. Wanda sau ɗaya kawai zai sa, haya ta fi masa.

Yawancin zane-zanen tartan suna ɗauke da sunan wani dangi, amma babu dokar da ta hana baƙo sa su. Duk da haka masu farawa sukan zaɓi waɗanda aka san na kowa ne, kamar Black Watch da Royal Stewart. Tun 2009 akwai rajistar hukuma a Scotland da ake shigar da zanen tartan a cikinta.

Tela yakan auna wuri uku: ciki daidai cibiya, da kwatangwalo, da tsawo daga cibiya zuwa gwiwa. Lambar wandon mutum ba ta da amfani a nan, domin mazaunin kilt ya fi na wando hawa sama.

Sawa

Kuskuren da ya fi yawa wajen sabon shiga shi ne juya ninkin gaba. Baya ne wurinsa. Ana fara rufe fallen da ke hannun dama a kan ciki, a zura igiyarsa ta fata ta wata kafa da ke gefen hagu a ɗaure, sannan a kawo na hagu ya hau kansa a ɗaure a dama. Gezar bakin yadin takan faɗo a gefen dama. Ƙasansa ya tsaya a tsakiyar ƙoƙon gwiwa ko ɗan sama kaɗan. Idan ya rufe gwiwa, to ya zame ne ko ya yi tsawo. Sabon kilt yakan zo da farin zare da aka kama ninkin da shi. Warware shi ake yi a hankali kafin a fita, ba ado ba ne.

Da yake kilt ba shi da aljihu, ana rataya 'yar jaka a gaba, sporran, ta fata da rana, mai gashi da azurfa a taron dare. Allurar ado da ake maƙalawa kusa da ƙasa ta dama fallen sama kaɗai take kamawa, don ta ba shi nauyi saboda iska. Wanda ya haɗe falle biyun da ita zai yaga yadinsa da kansa. Safa doguwa ce, ana naɗe bakinta ƙasa da gwiwa, wasu kuma sukan soke 'yar wuƙa, sgian-dubh, a cikinta. Dokar Scotland ta yarda da wuƙar a matsayin kayan gargajiya, amma ba a shiga jirgin sama da ita a jiki.

Zama ma sai an koya. Kafin a zauna ana shafo ninkin daga baya da hannu biyu, kamar yadda mace take gyara zanenta, don kada a zauna a kansu a cukuikuye. Batun cewa ba a sa komai a ciki tsohuwar al'adar barikin soja ce; masu ba da haya dai sun fi son a sa.

Adanawa

Ba a jefa kilt na ulu cikin injin wanki, domin ruwan zafi da murza suna sa ulu ya tsuke, shafin da ke ciki kuma ya karkace. Bayan an cire shi a rataye shi ya sha iska a inuwa, wannan kan isa sau da yawa. Idan wani abu ya zube, a dangwala tsumma mai ruwan sanyi nan take, kada a goga. Sai datti ya yi yawa ake kai shi wurin masu wankin da ba a sa ruwa, kuma gara wanda ya saba da kilt, don mai gugar da bai san shi ba yana iya baje ninkin ya dasa kari inda babu.

Wajen guga, a shimfiɗa shi a kan tebur mai faɗi, a jera ninkin yadda tela ya bar su, wasu har sukan sake kama su da zare. A ɗora ƙyalle mai damshi a kai, a danna dutsen guga a ɗaga, ba a ja shi. Dutsen da ya taɓa ulu kai tsaye yakan bar sheƙi da ba ya fita.

Ana rataye shi ta ƙugu a hanga mai matsewa, ko a naɗe shi ta tsawo idan za a yi tafiya. Babban abokin gabarsa asu ne, wanda ya fi son ulu mai gumi ko ragowar abinci a wuri mai duhu. Don haka a tabbatar ya bushe kuma yana da tsabta kafin a ajiye, a sa shi a jakar yadi maimakon leda, tare da guntun itacen sida ko kafur. Idan jiki ya ƙaru ko ya ragu kaɗan, tela yana iya matsar da igiyoyin da maɗauransu ba tare da ya taɓa ninkin ba.