Gidan gwamna a Damagaram: tambayoyi da amsoshi kan tarihinsa

Tun yaushe aka fara samun mazaunin gwamna a Zinder?

Kafin zuwan Faransawa, mulkin Damagaram yana hannun sarki ne, a fadar da ke cikin Birni, wadda Sarki Tanimu ya ƙawata a tsakiyar ƙarni na 19, ya kuma kewaye garin da ganuwa. A 1898 aka kashe wani hafsan sojan Faransa, Kyaftin Kazamaju, a Zinder, zamanin Sarki Ahmadu Kuren Daga. A watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka ci yaƙin Tirmini, suka shigo gari. Ba su zauna a fada ba. Sun hau kan duwatsun da ke kusa da Birni suka gina sansani, suka raɗa masa sunan Kazamaju. Daga nan kumandan yake ba da umarni, kuma nan ne tushen barikin da gidajen manyan hukuma suka tsiro a cikinsa.

Me ya sa a wajen Birni?

Tsaro ne kan gaba. Daga kan dutse ana hangen Birni, inda sarauta take, ana kuma iya sa ido kan Zango, unguwar fatake da Buzaye masu ayarin raƙuma. Mai zaune tsakanin biyun yana riƙe da fada da kasuwa a lokaci guda. Yadda iko ya bar fada ya fito fili a 1906, lokacin da aka tuɓe Sarki Ahmadu ɗan Bassa bisa zargin shirya tawaye, aka bar riƙon gari a hannun wani bafade mai sarautar Ballama. Sai a 1923 aka maido da sarauta, aka naɗa Barma Mustafa.

Wane ne gwamnan farko da ya zauna a nan?

Zinder ta zama babban birnin yankin soja na Nijar a 1911, amma masu riƙe da shi hafsoshin soja ne. A 1922 aka mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mulkin mallaka, aka naɗa farar hula, Jules Brévié, a ƙarƙashin babban gwamna da ke Dakar. Da shi ne mazaunin Zinder ya zama gidan gwamnan ƙasa baki ɗaya.

To, me ya sa aka kai kujerar gwamna Yamai?

A 1926 Brévié ya kwashe ta. Babban dalili shi ne ruwa. Zinder tana zaune kan dutse mai tauri da ba ya riƙe ruwa a ƙarƙashinsa, rijiyoyi kan ƙafe da rani, ita kuwa Yamai tana bakin kogin Kwara. Akwai kuma Kano, mai nisan kusan kilomita 240, inda jirgin ƙasan Ingilishi ya riga ya iso. Ciniki da zumuncin Damagaram duk kudu suka fuskanta, abin da bai kwanta wa Faransa a rai ba. Wannan ƙaura ta yi wa garin babban giɓi, domin ofisoshi da kuɗin gine-gine sun bi gwamna zuwa wuri mai nisan kusan kilomita 900. Bayan haka kumandan ne ya ci gaba da riƙe Zinder, bayan samun ƴancin kai a 1960 aka koma naɗa firefe, wato wakilin gwamnati mai riƙe da yanki, yau kuma gwamnan jiha.

Yaya ake gina manyan gidajen hukuma na wancan zamani?

Siminti da ƙarfe sai an ɗauko su daga nesa, saboda haka da maginan gari da kayan gari aka dogara, sau da yawa kuma da aikin tilas. Ana kafa harsashi da dutse, a ɗora bango mai kauri na tubali, a rufe da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufi idan faɗin ya wuce kusan mita 2, don haka babban zaure sai da baka, wato gini mai lanƙwasa da ke tallafe rufi, ko ginshiƙi a tsakiya. A sama ana yin daɓe, a sa indararo. Bangon waje kuma ana shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame.

Me ke lalata irin waɗannan gine-gine?

Ruwa ne, kuma ta hanyoyi sanannu. Indararo ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu, ruwa ya kwanta a kan soro, ya jiƙa bakin azara, rufi ya lotsa. Ruwan da ke fantsama a gindin bango yana zaizaye shi har ya yi rami. Mafi muni shi ne yaɓen siminti a kan ƙasa. Da farko yana da kyan gani, amma yana kulle danshi a ciki, tubali ya ruɓe a ɓoye, wata rana yaɓen ya ɓamɓaro da guntun bango. Maganin ba ya da tsada: a share indararo kafin ruwan farko, a toshe tsaga da irin ƙasar da aka yi ginin da ita, a gangarar da ƙasa daga gindin bango, a sabunta yaɓe a kai a kai.

Akwai wata kariya da aka ba su?

Tun 2006 Nijar ta sa unguwar Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Ya kamata tsofaffin gine-ginen bariki su samu irin wannan kulawa, a auna su, a ɗauki hotunansu, a kuma tambayi tsofaffin magina yadda aka ɗaure kowace baka tun suna da rai.